Gyaran Makwashin Dusar Ƙanƙara na Ƙaramar Tarakta da Shirya Shi Domin Hunturu

Makwashin dusar ƙanƙara na ƙaramar tarakta akwatin ƙarfe ne mai buɗaɗɗen baki, faɗinsa daga inci 36 zuwa 48, wani ma ya fi haka. Ana maƙala shi a gaban tarakta irin ta gida, wadda ake yankan ciyawa da ita lokacin zafi. Ba shi da injin kansa. Ƙarfin da yake aiki da shi daga injin taraktar yake zuwa, ta hanyar bel ko sandar juyi, aikinsa kuwa ya tattara dusar da ta rufe hanyar shiga gida ya cilla ta gefe. A arewacin Amurka da Kanada, a jihohi irin su Minnesota da Wisconsin da Michigan, da lardunan Ontario da Quebec, gidan bayan gari mai doguwar hanya ba ya iya dogara da shebur. Hukuma titi kawai take sharewa, daga bakin titi zuwa ƙofa kuwa nauyin mai gida ne.

Asalin na'urar daga Quebec yake. Arthur Sicard ya ƙera babban makwashi mai amfani a 1925, ya sayar wa garin Outremont da ke tsibirin Montreal a 1927. Ƙananan na gida sun yaɗu ne bayan da ƙananan taraktoci suka cika kasuwa: International Harvester ya fito da Cub Cadet a farkon shekarun 1960, John Deere ya fito da samfurin 110 a 1963 daga masana'antarsa ta Horicon a Wisconsin, Wheel Horse kuma ya riƙa ƙera nasa a South Bend ta jihar Indiana. Taraktocin wancan zamani da makwasansu, har zuwa shekarun 1980, da ƙarfe mai kauri aka yi su, kuma yawancin sassansu da noti aka ɗaure, ana kwancewa ana mayarwa. Shi ya sa har yau ake tsinto su a bayan rumbuna ciyawa ta rufe su, a gyara, su sake yin shekaru suna aiki.

Lokacin wannan gyara daga Agusta ne zuwa tsakiyar Oktoba. Wanda ya bari sai dusa ta sauka zai yi kanikanci da sandararrun yatsu a gareji mai sanyi, fenti ya ƙi bushewa, kayan gyara kuma sun ƙare a kanti. Dusa ba ta jiran Disamba. Guguwar da ta fara ranar 31 ga Oktoba 1991 ta zuba wa Minneapolis da St. Paul kimanin santimita 72 cikin 'yan kwanaki.

Iri biyu, da batun dacewa

Kafin a ɗauki sifana, a san irin makwashin da ke hannu. A cikin bakin kowanne akwai matari, wani murɗaɗɗen ƙarfe a kwance, mai kama da wanda ke tura wake zuwa bakin dutse a cikin injin markaɗe, sai dai shi daga hagu da dama yake janyo dusa zuwa tsakiya. A makwashi mai mataki ɗaya, matarin ne ke yin komai: yana juyawa da gudu sosai, faifan da ke tsakiyarsa ya ɗebi dusa ya harba ta sama ta cikin bututu. A mai mataki biyu, matari a hankali yake juyawa, ya miƙa dusa ga wata fankar ƙarfe da ke bayansa, ita kuma ta cilla. Mai mataki ɗaya ya fi sauƙin gyara, domin sarƙa da boris su ne kusan duk abin da ke motsi a jikinsa, kuma a busasshiyar dusa ba ya ba da kunya. Mai mataki biyu ya fi nauyi, yana da giyabos a tsakiyar matari, amma shi ya fi iya jiƙaƙƙiyar dusa da tulin da motar share titi ke jibgewa a bakin hanya. Kubik mita ɗaya na sabuwar busasshiyar dusa bai wuce kilo 50 zuwa 100 ba, jiƙaƙƙiya kuwa takan ninka haka sau uku ko huɗu.

Kowane kamfani da irin maƙalinsa, har ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sukan saɓa. A nemi lambar samfuri a ɗan allon ƙarfen da ke jikin akwati, a samo littafin masana'anta da ita, a tabbatar makwashin na wannan taraktar ne. Sau da yawa ƙarfen maƙalawa da sandar ɗagawa da fulin tsakiya sun ɓace tun ranar da aka raba makwashin da taraktarsa ta asali, kuma nemansu ya fi neman makwashin wuya. Makwashi mai arha da babu waɗannan sassa ba mai arha ba ne.

Dubawa da kwancewa

Da wanki ake farawa, ruwa da sabulu da burushi, domin tsohon giris da ƙasa suna ɓoye tsaga. Sannan a ɗora makwashin a kan katako yadda za a iya juya matari da hannu. Ido kan tafi ga fentin da ya ɓare, alhali fenti shi ne ƙaramin abin damuwa. Inda ake dubawa shi ne gindin akwati, wurin da ruwan gishiri ke kwanciya, da zagayen da fanka ke juyawa a ciki, da kunnuwan da ake maƙalawa jikin tarakta. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ya yi shiru ko ya lotsa. Rami ɗaya ko biyu a gefen akwati ba komai ba ne, mai walda zai yanke ya sa faci. Idan zagayen fanka ne ya ruɓe gaba ɗaya, gara a mai da wannan makwashin na ciro kayan gyara a nemi wani.

A riƙa ɗaukar hoto a kowane matakin kwancewa, a kuma yi wa matarin hagu da na dama alama da fenti kafin a zare su. Murɗinsu ba ɗaya ba ne. Idan aka musanya su wajen mayarwa, maimakon su janyo dusa tsakiya sai su riƙa tura ta gefe.

Notin fansa da matarin da ya cije

Nan ne zuciyar gyaran, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. A makwashi mai mataki biyu, matari bututu ne da aka zura a kan sandar da ta fito daga giyabos, kuma abin da ya haɗa su noti ɗaya ne ko biyu a kowane ɓangare. Da gangan aka yi wannan noti mai rauni, shi ne ake kira notin fansa. Idan matari ya haɗiye dutse, ko daskararriyar jarida, ko sarƙar kare da dusa ta rufe, notin ne zai katse, matari ya tsaya cak, giyabos ya tsira. Kuɗin notin fansa bai taka kara ya karya ba, sabon giyabos kuwa yana iya fin abin da aka sayi tsohon makwashin gaba ɗaya.

Abubuwa biyu ke kashe wannan kariya. Na farko, mai shi na baya ya gaji da katsewar noti ya sa mai tauri. A tsarin Amurka ana ganewa daga kan notin: marar alama mai laushi ne, mai layi 3 ya fi shi ƙarfi, mai layi 6 ya fi su duka. Duk notin da ba shi littafi ya ambata ba, a cire shi a sa na ainihi. Na biyu ya fi ɓoyuwa, wato tsatsa ta manne matari da sandar da ke cikinsa har sun zama abu ɗaya. A wannan hali ko an sa notin da ya dace, ado ne kawai, domin duk bugun da ya zo kai tsaye zai wuce cikin giya.

Gwajin ba shi da wuya. A zare notin, a kama matari a juya. Ya kamata ya juya a kan sanda ba tare da sandar ta bi shi ba. Idan ya ƙi, sai haƙuri. A tsiyaya man sassauta tsatsa ta ramin noti da bakin bututun ta kowane gefe, a riƙa bugun jikin bututun da guduma a hankali domin man ya ratsa, a bar shi ya kwana, a maimaita kwanaki. Idan har yanzu ya cije, a gasa bututun da wutar gas daga wannan ƙarshe zuwa wancan, nesa da giyabos don kada robar hana yoyo ta ƙone, sannan a gwada murɗawa da babbar sifanar famfo. Idan wannan ma bai yi ba, a kai wa masu injin matsa su tura sandar. Abin da ba a yi shi ne dukan ƙarshen sanda da guduma, domin kanta zai baje, ta ƙi fita ta ƙi karɓar boris. Bayan an raba su, a goge sandar da sanfefa har ta yi haske, a shafe ta da giris tun daga giyabos har ƙarshe, a mayar. Notin fansa ba a ɗaure shi tamau. Ana barinsa yadda zai ɗan juya a cikin raminsa, don kada ya matse bututun a kan sandar.

Giyabos, boris da sarƙa

A cikin giyabos akwai murɗaɗɗen haƙori na ƙarfe da ke juya wata giya ta tagulla. A buɗe a zubar da tsohon mai a cikin farin kwano a duba shi a haske. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, robobin hana yoyo na buƙatar canji. Idan akwai ɓarɓashi mai ruwan zinariya da yawa, giyar tagulla ta fara cinyewa, sai a duba haƙoranta ɗaya bayan ɗaya. Wasu giyabos man giya mai lamba 80W-90 suke sha, wasu giris mai ruwa-ruwa, kuma akwai man giyar da sinadarinsa ke cin tagulla, saboda haka abin da littafi ya faɗa shi za a zuba.

Boris da hannu ake gwada shi. Wanda ya yi ƙara, ko aka ji kamar yashi a cikinsa, ko yake girgiɗi, ya gama. Yawancinsu na gama-gari ne, lambarsu na rubuce a gefe, ana samunsu a kantin kayan noma. Boris ɗin bayan fanka kuwa a canza shi ko da yana da sauran rai, tunda shi ya fi kowanne wahala kuma sai an kwance komai ake kai wa gare shi. A masu mataki ɗaya sarƙa ce ke juya matari, sau da yawa mai lamba 40, wadda tazarar gaɓoɓinta rabin inci ce. A ja ta daga jikin faifan haƙora. Idan ta ɗago har ana ganin rabin haƙori, ta miƙe, a sa sabuwa, kuma idan haƙoran faifan sun yi tsini sun karkata, shi ma a canza, in ba haka ba zai cinye sabuwar sarƙar. Ɗan makullin da ke rufe gaɓar haɗi, rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙa take tafiya.

Ratar fanka, wuƙar ƙasa da takalma

Tsohon makwashi da inji ke ruri amma dusa ke zubowa a gabansa kamar kunu, yawanci ratar fanka ce matsalarsa. Shekaru na yashi da tsakuwa sun cinye bakin fukafukan, tazarar da ke tsakaninsu da bangon zagaye ta faɗaɗa, jiƙaƙƙiyar dusa na zamewa ta nan maimakon ta tashi, har ta daskare ta toshe bututu. Fiffiken da ya lanƙwashe a miƙe shi. Sannan a yanko roba mai kauri, irin ta bel ɗin ɗaukar kaya na masana'anta ko ta labulen tayar babbar mota, a ɗaura ɗaya a kan kowane fiffike da noti biyu da ɗan faifan ƙarfe a sama, bakinta ya fito har ya kusa shafar bango. Wajibi ne robobin su zama girma ɗaya da nauyi ɗaya, kuma a sa wa dukkan fukafukan, domin fankar da nauyinta ya karkata za ta girgiza ta kashe sabon boris. Kaɗan ne cikin gyare-gyaren makwashi ke kawo bambanci irin na wannan.

A gindin akwati akwai doguwar wuƙa mai kankare ƙasa, a gefe biyu kuma takalman ƙarfe da akwatin ke zamewa a kansu. Su ne aka yi domin su cinye a madadin akwati. Wasu ana juya su a yi amfani da ɗaya gefen. Saitinsu ya danganta da irin hanyar. A kan kwalta ko siminti, a ajiye makwashin a wuri mai daidaito, a sa kwali mai kaurin kimanin milimita 3 a ƙarƙashin wuƙa, a sauke takalma su taɓa ƙasa a ɗaure. A kan tsakuwa a ɗaga wuƙar ta kai milimita 25 ko fiye, musamman a farkon hunturu kafin ƙasa ta daskare, domin tsakuwar da fanka ta cilla tana fasa gilashin taga da na mota, tana kuma raunata mutum.

Bututu da fenti

Cikin bututun da dusa ke fita ta cikinsa ya fi wajensa muhimmanci, domin dusa na manne wa tsatsa. A goge shi har ƙarfe, a shafa maganin tsatsa, a sa fentin ƙasa, sannan na sama mai sheƙi. Haka za a yi wa cikin akwati da zagayen fanka. Fentin tsofaffin injuna na iya ƙunsar dalma, don haka a sa abin rufe hanci na ƙwarai lokacin gogewa, kuma a yi a waje. Fenti na son ɗumi sama da digiri 10, da mako ɗaya ko biyu kafin ya yi tauri. Zoben da bututu ke juyawa a kai a wanke shi da kananzir a sa giris marar daskarewa a sanyi, kaɗan kawai. Igiyar ƙarfen da ke juya bututu da hular da ke saita nisan jifa a gwada su sanye da safar hannu mai kauri, tunda haka za a riƙa taɓa su.

Ita kanta taraktar

A cire teburin yankan ciyawa daga ƙarƙashi a ajiye. Tsofaffin taraktoci da yawa injin Kohler mai silinda ɗaya ne a kansu, K301 mai ƙarfin doki 12, K321 mai 14, K341 mai 16, wasu kuma kamar John Deere 318 Onan mai silinda biyu. Duk a cikakkiyar wuta ake aikin dusa da su, wajen juyi 3,600 a minti, domin gudun fanka daga gudun inji yake. Injin da ke tari ko yake sarewa idan ya ji nauyi ba zai cilla dusa ba komai kyan makwashin.

Baƙin mai SAE 30 da ake zubawa lokacin zafi yana yin kauri a sanyi har sitata ta kasa juya inji. A juye shi a zuba 5W-30, ko abin da littafin injin ya ba da na ƙasa da digiri sifili. A sa sabon fulogi. Mafi yawan fetur da ake sayarwa a Amurka yana da kashi 10 cikin ɗari na ethanol, wanda ke jan danshi, kuma idan ya daɗe a tanki yakan bar danƙo a kafireta. A zubar da tsohon fetur, a kwance kafireta a wanke ƙananan ramukanta, a canza tiyon mai idan ya bushe ya tsattsage, da matacin mai. Sabon fetur a zuba masa maganin hana lalacewa, ko a nemi marar ethanol inda ake sayarwa. A duba cok ya rufe ruf, domin rabin rufuwa da ba a lura da shi a Yuli shi ke hana tashi a Janairu. Matacin iska kuma a riƙa leƙa shi, garin dusa na shiga ya narke ya daskare ya shaƙe inji.

Batir cikakke yana nuna volt 12.6. Ƙarfin tayarwarsa da ake rubutawa a jiki a digiri 18 ƙasa da sifili ake auna shi, kuma a irin wannan sanyi batir na rasa wajen rabin ƙarfinsa, a daidai lokacin da inji ya fi nauyin juyawa. Batir da ya sauka ruwansa na iya daskarewa ya fasa kwanso, cikakke kuwa yana jure sanyi mai tsanani. A goge kawunansa, a ɗaure, a riƙa barinsa a kan ƙaramar caja mai kashe kanta tsakanin aiki da aiki. Taraktar da ke tafiya da matsin mai maimakon giya tana da nata man da matacinsa, Hy-Tran a tsofaffin Cub Cadet, Hy-Gard marar kauri a John Deere da yawa, kuma tana son a bar ta ta yi ɗumi 'yan mintoci kafin a motsa.

Haɗawa

A kan daɓe mai daidaito ake haɗawa, inji a kashe, makulli a aljihu. A tura tarakta zuwa ga makwashi, a zura fil-fil na maƙali, a haɗa sandar ɗagawa. Bel ya zama mai lambar da littafi ya faɗa, irin mai zaren ƙarfi da aka yi domin injunan lambu. Bel ɗin fankar mota ko da tsawonsa ya yi daidai ba ya jure lanƙwasa ta baya da fulin matsi ke yi masa. A wasu samfura bel ɗin sai an murɗa shi kafin ya hau fuli, kuma idan aka murɗa ta ɓangaren da ba shi ba matari zai juya da baya, don haka a bi zanen littafi. Fulin da tsatsa ta ci raminsa a goge shi, in ba haka ba zai cinye bel cikin awa guda. Inda sandar juyi ce, a sa giris a gaɓoɓinta, a ja ta da hannu a ji ta kulle. Duk murfin kariya a mayar da shi. Makunnin da ke ƙarƙashin kujera, mai kashe inji idan direba ya tashi, idan an tarar wani ya haɗe wayoyinsa don ya daina aiki, a gyara shi kafin komai.

Nauyi da sarƙar taya

Makwashi mai mataki biyu yakan kai kilo 100, kuma a can gaban tayoyin gaba yake rataye. Da zarar an ɗaga shi, nauyi ya bar tayoyin baya, waɗanda su ke tuƙa tarakta, sai su riƙa juyawa a banza. Maganinsa nauyi a baya. Akwai faifan ƙarfe da ake ɗaurawa cikin rim, kowanne kimanin kilo 23, akwai tubalan ƙarfe masu hannu da ake ratayawa a bayan tarakta, na John Deere kilo 19 kowanne, akwai kuma cika taya da ruwa marar daskarewa, kamar ruwan wanke gilashin mota na hunturu ko ruwan gwozar sukari da ake sayarwa domin haka. Ruwan gishirin calcium chloride ya fi nauyi amma yana cin rim. Nauyin da ke cikin taya ko jikin rim ya fi alheri, domin ƙasa ce ke ɗauke da shi, ba sandar da tayoyin tarakta ke kai ba. Wanda aka rataya kada ya wuce iyakar da littafi ya sa.

Nauyi kaɗai ba ya riƙe ƙanƙara, sai da sarƙa. Ana sayenta da lambar taya, misali 23x10.50-12. Wadda ke da sarƙar gicciye bayan kowace gaɓa biyu ta fi mai gaɓa huɗu riƙo da laushin tafiya. A ɗaga bayan tarakta da jak, a rage iskar taya, a shimfiɗa sarƙar ƙugiyoyinta na kallon waje don kada su ci roba, a ɗaure ta ciki sannan ta waje iya ƙarfi, sai a mayar da iska ta matse ta. Ragowar gaɓoɓi a ɗaure su da waya. Sarƙa na karce kwalta da siminti mai ado idan taya ta yi juyin banza, shi ya sa wasu ke sa ta roba, ko da yake ba ta kai ta ƙarfe riƙo a kan ƙanƙara ba.

A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a Minneapolis wajen ƙarfe 4:30 na yamma, saboda haka yawancin aikin dusa a duhu ake yinsa. Bututu kan tare fitilun tarakta na asali. A ƙara fitila ɗaya ko biyu a sama, irin na LED masu cin wuta kaɗan, tunda cajin tsofaffin injuna bai fi amfiya 15 ba a da yawa, a sa fiyus kusa da batir, da ja ko ruwan ɗorawa a baya saboda motocin titi. Rumfar tamfol mai gilashin roba tana tare garin dusar da iska ke dawowa da shi fuska, amma a tabbatar salansa ba ta yoyo kuma bakinta na kallon waje.

Gwaji da aiki

Gwajin farko a waje ake yinsa. Hayaƙin inji a rufaffen gareji yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. A kunna makwashi a ƙaramar wuta a saurara, sannan a ƙara a hankali. Girgiza alamar fanka ce ko sanda, ƙauri kuwa alamar bel na goga wani abu. Bayan minti goma a kashe, a taɓa gidajen boris a ji ko sun yi zafi, a sake bin notuna. Kafin ƙasa ta daskare a kafa sanduna masu ƙyalli a gefen hanya, a kwashe duwatsu da tiyon ruwa da wayoyi daga inda za a bi.

Wajen aiki, inji a cikakkiyar wuta, tafiya a hankali, jifa ta bi iska. Idan dusa ta yi zurfi a ɗebi rabin faɗin baki. Ba a juya bututu wajen mutum, ko taga, ko titi. Idan bututu ya toshe, a kashe makwashi, a kashe inji, a zare makulli, a jira komai ya tsaya, sannan a zungure da sanda. Hannu ba ya shiga bututu ko da inji a kashe yake, domin bel da sanda na riƙe da sauran murɗi, kuma da zarar toshiyar ta saki fanka na iya zabura ta yanke yatsu. Dubban mutane ke zuwa asibiti a Amurka kowace shekara saboda raunin makwashin dusa, kuma na hannu yawanci ta wannan hanya yake faruwa. A ɗaure sandar zungura a jikin tarakta, tare da notin fansa huɗu da sifana biyu a ƙaramar jaka. Bayan an gama a bar makwashi ya yi juyi minti ɗaya ko biyu babu kaya, don ragowar dusa ta fita kada ta daskare ta kama fanka kafin gobe.

Idan sanyi ya wuce a watan Afrilu, a wanke gishiri da ruwa mai yawa, a bari ya bushe, a taɓa fenti inda ya ɓare, a sassauta bel. Sannan a zare notin fansa, a sa giris, a juya kowane matari a kan sandarsa sau da yawa, a mayar da notin, a ɗora makwashin a kan katako a ƙarƙashin rufi. Wannan aikin bai wuce awa ɗaya ba, kuma shi ke hana matari sake cijewa.